Abincin dabbobi nake sayarwa, amma rabin aikina auna kashin rago ne

Ƙaramin kamfani gare ni, mu shida ne har da mai gadi, muna haɗa abincin turka da dusa da angurya da kowar wake da ɗan tunkuza. Abin da ya sa na fara gwaji kuwa wani dillali ne ya sauke min dusa mai araha, ashe rabinta buntun shinkafa ne aka niƙe, raguna suka yi ta ci ciki ya yi tulu amma ƙashin baya na nan tsaye, wani Alhaji da ke saye a wajena tun farko ya kira ni ya ce "ɗana, wannan karon me ka zuba mana?" Wallahi ranar ban runtsa ba.

Yanzu duk sabon haɗi sai na ɗaure raguna huɗu 'yan Yankasa, kowanne da kejinsa. Kwana 14 na farko ba a rubuta komai, ana barin ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi su saba da abincin tukuna, don ai su ne ke narkar da harawa, rago kawai tuƙa yake yi. Sannan kwana 7 a auna abin da aka zuba, a auna saura, a kwashe kashin kaf a busar a ɗora kan sikeli. In ya ci busasshen kilo 1 ya kasayar da giram 400, to kashi 60 cikin 100 ne ya narke. Yarana suna ta min dariya wai oga ya zama akantan kashi.

Masu bincike kamar na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya sun wuce nan nesa. Akwai hanyar da likita ke huda gefen hagu na bijimi ya saka murfin roba, a zura 'yan jakunkunan nailan ɗauke da abinci cikin tumbin, a ciro wasu bayan awa 24 wasu 48 a ga abin da ya rage. Akwai ta wasu masu bincike Tilley da Terry ta 1963, ruwan tumbin ake ɗiba a zuba a kwalba da abincin, ta fi sauri gaskiya, amma ni ina zan samu bijimi mai murfi a bayan shagona?

Furotin kaɗai nake turawa ɗakin gwaji, su auna sinadarin naitirojin su ninka da 6.25 a samu yawan furotin ɗin. Jiya ma na ɗaure wasu ragunan, 'ya'yan gawo nake son gwadawa kafin Babbar Sallah.