Motar da na je nema da wadda na dawo da ita

Wata shida na yi ina haɗa kuɗin mota, kuma suna ɗaya ne a bakina: Corolla. Ba laifina ba ne. Motar da Toyota ta fara ƙerawa tun 1966, wadda zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50, ai ba a banza ta yi suna ba. Sai da na fara zagayawa na gane sunan ma da kuɗinsa. Abin da ke hannuna zai kawo Corolla, amma wadda ta kwana biyu, ko kuma wata ƙarama da ta fi ta ƙuruciya da shekara huɗu ko biyar.

Uwargida ce ta sauko da ni daga kan dokin zuciya. Ta ce, "Baban yara, tsakani da Allah, sau nawa za mu cika motar nan a shekara?" Na ɗauki biro muka lissafa. Mu huɗu ne, biyu ƙanana. Zirga-zirgata ta yini ba ta wuce kilomita 30, duk a cikin cunkoso, doguwar tafiya kuwa sau biyu a shekara. Mai irin wannan rayuwa injin lita 1.3 zuwa 1.5 ya wadatar da shi. Daga nan na koma duban su Yaris, Honda Jazz, Suzuki Swift da Kia Rio.

Wautar da na tafka ita ce ta fi koya mini karatu, don haka bari in tsaya a kanta. Wata yamma wani dillali ya nuna mini wata mota, ba zan faɗi ƙirarta ba domin ba laifin maƙeranta ba ne. Fenti yana ɗaukar ido, injin yana kiɗa a hankali, mita ta nuna kilomita 70,000 kacal. Ya ce akwai mai zuwa ɗauka gobe. Kafin in yi tunani sau biyu har na ajiye kafin alƙalami. Da daddare na kira wani dattijon bakanike da muka daɗe tare, ina ta zuba yabo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, da ka taɓa bonet, da zafi ko da sanyi?" Na ce da ɗumi. Ya ce, "To ba ka ga mota ba tukuna. Mu je da sassafe, kuma kada a tashe ta sai mun iso."

Da safe aka murɗa mukulli, sai ga hayaƙi shuɗi-shuɗi daga salansa, alamar injin yana ƙona baƙin mai. Ya buɗe murfin mai ya miƙo mini: wani abu ya taru a ciki kamar madarar da ta ɓaci. Ya ce wani lokaci gajerun tafiye-tafiye ma kan jawo haka, amma da ya ga ruwan lagireto ya ja baya, sai ya fi zargin gaskit, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa a kan injin. Ya fiddo ɗan maganaɗisu daga aljihu yana bin jikin motar da shi. Ko'ina yana kamawa, da ya zo ƙofar baya sai ya zame ya faɗi, wato ƙarƙashin fentin nan cike yake da fila, an taɓa dukan wurin. Na ƙarshe ya haska fitila a ƙasan sitiyari. Robar birki ta cinye har ƙarfe ya leƙo. Ya dube ni ya ce, "Ƙafar da ta yi wannan aiki ta fi kilomita 70,000." Kyan ɗan maciji ke nan. Rabin kuɗina na iya karɓowa, da ƙyar.

Tun daga ranar ban sake duba mota ni kaɗai ba, ban kuma sake dubawa da yamma ba. Na koyi fara neman lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, in tabbatar ta yi daidai da ta takardu. Na koyi karanta shekarun taya: lambobi huɗu ne a gefenta, 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018, kuma tayar da ta haura shekara shida abar tuhuma ce ko da zanenta bai goge ba. Bakaniken yana da 'yar na'urar da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari, a kafar da Amurka ta wajabta tun 1996. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ko an goge ƙorafin da kwamfutar mota ta ajiye, na'urar kan nuna cewa gogewar ba ta daɗe ba. Mota biyu muka bari saboda wannan kaɗai.

Akwai tambayar da a da ban san ana yi ba: bel ne ke juya taimin, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin injin, ko sarƙa? Bel yana da wa'adi, wani tun daga kilomita 60,000, wani sai ya haura 100,000, kuma a injuna da yawa in ya tsinke a kan tafiya, bawul da fistin za su yi karo. Mai motar da bai iya nuna lokacin da ya canza shi ba, sai ka cire kuɗin canjin daga farashi. Haka giyar otomatik irin ta CVT, tana da daɗi a cunkoso, amma manta na musamman ne, kuma tsohuwar da ba a san tarihin manta ba ciniki ne na biri a sama. Ni dai na haƙura da giyar hannu.

Batun tsaro na kusa tsallake shi, abin kunya ga mai 'ya'ya. Na'urar da ke hana mota zamewa a kwana ta zama dole ga duk sabuwar mota a Tarayyar Turai daga ƙarshen 2014. Taurarin gwajin haɗari na Euro NCAP, ƙungiyar Turai da ke ba motoci makin tsaro har zuwa taurari biyar, kuma ana tsaurara ma'auninsu lokaci zuwa lokaci, saboda haka biyar ɗin tsohuwar mota ba daidai suke da biyar ɗin ta baya-bayan nan ba. Wannan ne ya ƙarasa raba ni da tunanin tsohuwa mai babban suna.

A mako na bakwai muka samu Jazz ta 2015, injin lita 1.3, taimin na sarƙa. Tana da ƙarce a bamba, launinta kuma ba wanda nake so ba ne. Amma mai ita ya fito da rasit na kowane juyen mai a jere, lambobin mitar da ke jikinsu suna hawa daki-daki. Tankinta yana ƙarƙashin kujerun gaba, shi ya sa kujerun baya ke kwanciya shamal, har keken yaro ya shige ba tare da an kwance masa ƙafa ba. Dattijon ya tuƙa ta minti ashirin da rediyo a kashe, ya taka birki da ƙarfi sau biyu, ya dawo ya ce, "Malam, biya."

Kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da na ware tun farko ya tafi a makon farko: tayoyi huɗu, batir, mai da filta. A babbar hanya kuwa, kamar kowace ƙaramar mota, in tirela ta gifta sai na ƙara riƙe sitiyari. Ƙarcen bamban yana nan har yau. Uwargida ta ce a bar shi, da shi take gane motar a wurin ajiya.