Abin da Redmi Note 4 ta koya min a shagon gyara

Shekarata ta biyu ina koyon gyaran waya na fara ɗokin sauya wa tsofaffin wayoyi manhaja gaba ɗaya, ba filashin na yau da kullum ba, a cire tsarin kamfani a ɗora wani kamar LineageOS. Wannan LineageOS ɗin daga wani tsohon tsari irinsa mai suna CyanogenMod ya fito a ƙarshen 2016, kuma 'yan sa kai ne ke riƙe da shi, su ne ke ci gaba da ba waya sabon Android bayan kamfaninta ya juya mata baya. Abin ya shiga raina sosai saboda kullum ina ganin wayoyi a durowa, sikirin lafiya, batir da sauran ƙarfi, laifinsu kawai an daina musu sabuntawa.

Wata rana aka kawo Redmi Note 4 ta hannu, kamfani ya tsayar da ita a Android 6. Mai ita na farko ya riga ya buɗe butloda, wato makullin da ke hana a sauya tsarin waya, har ya saka TWRP, manhajar da ake ɗora sabon tsari da ita, nace to aiki ya zo da sauƙi, ba sai na jira kwanakin da Xiaomi ke sa mutum ya jira kafin buɗewa ba. Na sauke fayil ɗin LineageOS na ɗora, sai ya ƙi, ya nuna min kuskure lamba 7 da jan rubutu. Maimakon in tsaya in tambayi dalili sai na bi wata dabara da na gani, na buɗe fayil ɗin na goge layukan farko da ke duba irin wayar, na sake ɗorawa. Ya shiga kuwa. Na danna ta tashi, shiru, sikirin baƙi ƙirin, ko girgiza babu, wlh sai da zufa ta keto min.

Oga ya karɓa ya jona a kwamfuta, bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya min, wane firosesa ne a ciki? Ban sani ba. Ashe Redmi Note 4 kala biyu ce, akwai mai Snapdragon 625 da ake kira mido, akwai mai MediaTek da ake kira nikel, sunan kwali ɗaya amma ciki ko kusa. Na mido na cusa wa nikel, kuma layukan nan da na goge su ne maigadin da aka ajiye don ya hana irin wannan ɓarnar. Da SP Flash Tool, manhajar kwamfuta ta filashin wayoyin MediaTek, ya dawo da ita, yana yi yana nuna min, yace kar in kuskura in zaɓi wanda ke goge komai domin a nan lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, ke tafiya, waya ta tashi amma sim ya ƙi kama sabis.

Tun daga ranar bana taɓa waya sai na rubuta sunanta na ciki a takarda na manna a bayanta, sannan in kwafe ɓangaren IMEI in ajiye.

Wani abin kuma, na koyi faɗa wa kwastoma gaskiya tun kafin in kama aiki. Buɗe butloda yana share komai har hotuna. Wasu manhajojin banki na iya ƙin buɗewa, ga mai karɓar tiransifa a shago kuwa wannan ba ƙaramin abu bane, shi yasa sau da yawa nake cewa a bar wayar yadda take. Kuma Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun mutanenmu da wuya ka samu LineageOS na hukuma a kansu, wannan yana min ciwo gaskiya, don su aka fi jefarwa.

Yanzu akwai mido ta gaske a teburina, na saka mata postmarketOS, wani tsarin Linux na waya wanda aka fara a 2017 kan Alpine Linux da burin waya ta yi shekara 10 tana aiki. Ban saka mata sim ba, da ita nake koyon umarnin Linux da daddare in an tashi daga kasuwa.