Godiya ga Baba mai wayarin, da duk waɗanda suka tsaya mani kan motar Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, motar da na yi mako uku ina damun ku da tambaya a kanta ta warke, kuma giyabos ɗinta na nan daram, ko noti ɗaya ba a kwance masa ba. Na ga bai dace in yi shiru ba bayan duk kiran waya da saƙonnin da kuka yi ta turo mani.

Ga waɗanda ba su san farkon zancen ba: motar Camry ce ƙirar 2000, otomatik, mai giya huɗu. A gida motar Inna ake ce mata, domin babban aikinta shi ne ɗauko mahaifiyarmu daga Daura zuwa Katsina ganin likita sau biyu a wata, a mayar da ita. Tafiyar kusan kilomita 80 ce. Inna ba ta iya zaman motar haya saboda ƙafafunta, shi ya sa in motar nan ta kwanta, hankalin gidan gaba ɗaya ke tashi.

Ranar da abin ya fara, mun baro Daura da sassafe, mun wuce Shargalle kaɗan, sai na ji motar ta zabura kamar an ja ta baya, ƙarar inji ta ƙaru. Na duba gabana na ga wata 'yar fitila ta kama, an rubuta O/D OFF. Na danna maɓallin da ke gefen kan giya, ba ta mutu ba. Na sake dannawa, tana nan. Can da muka faɗa wani rami sai ta mutu da kanta, motar ta saki jiki, bayan minti biyu kuma ta dawo. Allurar da ke nuna juyin inji, wadda na saba gani wajen 2,500 in ina gudun 100, ta haye kusan 3,500. Tsoro ya sa na rage gudu zuwa 60, muka lallaɓa har Mashi, Inna na baya tana ta salati tana tambaya ko lafiya. Kafin mu shigo Katsina lokacin ganin likita ya wuce. Wannan ne ya fi ci mani rai a duk lamarin, ganin tsohuwa ta sha zaman mota a banza.

Gareji biyu na kai ta. Na farko aka juye man giya aka zuba sabo, ba abin da ya canza, sai ma fitilar ta daina mutuwa kwata-kwata. Na biyu aka ce giya ta huɗu ce ta ƙone, sai dai a aika Ƙofar Ruwa a Kano a sawo giyabos na Beljiyam. Kuɗin da aka yanka mani ya fi albashina na wata biyu. Ga shi motar na shan mai fiye da da, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ɗaya ke nufi a aljihun ma'aikaci. Ban riƙe kowa a zuciya ba, kowa iya abin da ya gani ya faɗa. Amma har na fara maganar sayar da ragunan da uwargida ke kiwo.

Godiyata ta farko ga maƙwabcina ce, direban da ya shekara fiye da ashirin yana bin hanyar Katsina zuwa Kano. Bayan sallar isha'i na ba shi labari, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kafin ka sayar da ko kaza, ka kai ta wajen mai wayarin. Giyar da ta ƙone ba ta warkewa don an faɗa rami." Shi ya kai ni da kansa washegari, ya bar lodinsa na safe. Allah Ya saka masa da alheri, Ya tsare shi a kan hanya.

Shi kuwa Baba mai wayarin, ya roƙe ni kada in sa sunansa, don haka zan bar shi a Baba kamar yadda yaran shagonsa ke kiran sa. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Bai buɗe bonet ba ma da farko. Ya zauna a kujerar direba, ya kunna mota, ya kama kan giya ya ɗan girgiza shi hagu da dama yana kallon fitilar. Sau ɗaya ta yi ƙyaf ta dawo. Ya ce, "Ɗana, ciwon na cikin hannuna."

Ya yi mani bayani yadda ban taɓa ji ba, kuma ina so in maimaita shi don wani zai amfana. Giya ta huɗun nan ita ce ta doguwar hanya. In mota ta shige ta, inji na juyawa a hankali alhali tayoyi na gudu, sai ƙara ta ragu, shan mai ya ragu. Maɓallin da ke kan giya an sa shi ne don direba ya hana motar shiga ta huɗu in yana hawan tudu da kaya, ko yana gangara yana son inji ya taya birki riƙe mota. A irin wannan tsohuwar ƙirar, in ka kashe maɓallin, abin da yake yi kawai shi ne haɗa wata siririyar waya da jikin mota, sai kwamfutar ta gane an ce kada ta wuce ta uku. To in rigar wayar ta goge, tagullar ta taɓa ƙarfe, kwamfuta ba ta da yadda za ta bambance wannan da yatsan direba. Umarni take bi, tana zaton kai ka ba ta.

Yadda ya cire kan giyar ne ya sa na san na zo hannun mai sana'a. Ya ja birkin hannu, ya sa yaro ya cire kan batir. Ya kwance robar da ta rufe gindin sandar giya, ya laluba ya zare soket ɗin wayoyin tukuna. Ya ce yawancin ɓarnar da ake yi a nan ake yin ta: mutum ya kwance sukurori ya fizgi kan giya sama, ko ya yi ta murɗa shi kamar na motar hannu, alhali wayoyin na maƙale a ƙasa. Sannan ya zame murfin da ke wuyan sandar, sukurori biyu suka bayyana, ya kwance su ya sa a aljihun rigarsa. Ya ɗaga kan a hankali, hannu ɗaya na sama, ɗayan na tura wayoyin daga ƙasa, yana gargaɗin yaron kada sifirin maɓallin ya yi tsalle ya ɓace.

Da ya fito da shi ya kira ni in gani da idona. Wayoyi biyu ne sirara, ba su kai tsinken tsintsiya kauri ba. Ɗaya an taɓa naɗe ta da baƙin tef, alamar wani hannu ya riga ya shiga wurin tun kafin motar ta zo gare ni. Zafi ya narkar da gam ɗin, tef ya zame, tagulla ta fito tana gogar sandar duk lokacin da aka ja giya. Abin da ya hana Inna ganin likita ke nan.

Bai yarda ya sake naɗa tef ba, ko da yake na ce masa ina sauri. Ya yanke wayar daga inda take da lafiya, ya sa sabuwa, ya like da dalma, ya zura mata 'yar robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Ya ɗauko mita ya gwada maɓallin ya fi sau goma, a danne da a sake, kafin ya mayar da komai mazauninsa. Ya kuma tambaye ni ko an taɓa cire wa motar tamostat, domin a cewarsa in inji bai ɗau zafi yadda ya kamata ba, kwamfuta kan jinkirta shiga ta huɗu, musamman da sanyin hunturu, mutane su ɗauka giya ce. Tawa na nan, ya duba ya tabbatar.

Muka hau hanyar Daura gwaji, yana gefena. Ya ce in ƙirga canjin giya da kunnena. Ɗaya, biyu, sai na uku ya zo a hankali, ƙarar ta kwanta, allura ta sauko inda na san ta. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Da na tambayi kuɗin aiki, abin da ya faɗa bai kai kuɗin man da na ƙona ina yawon gareji ba. Na ƙara masa, ya mayar mani da ƙarin ya ce in saya wa Hajiya lemo. Baba, na san yaranka za su karanta maka wannan. Allah Ya albarkaci hannunka da zuri'arka, Ya jiƙan magabatanka, Ya sa yaran da kake koya wa su gaji haƙurinka.

Ina godiya ga Yaya da ya ba ni aron motarsa aka kai Inna a mako na biyu, da abokan aikina da suka riƙe mani ajina ranar da na wuni a shago. Uwargida kuma, wadda da bakinta ta ce a sayar da ragunanta ba tare da na roƙa ba, Allah Ya bar mu tare. Ragunan na nan, sai Babbar Sallah in Allah Ya kai mu.

Na kira Inna na gaya mata, ta yi ta sa wa Baba albarka, ta ce in zan zo ɗaukar ta ranar Talata in taho da kwano, za ta aiko masa da fura.