Fatar jar akuya a ƙarƙashin na'ura

Talata, Zariya.

Yau dai layi ya zo kaina a kan na'urar SEM, wadda ke girmama hoton ƙananan abubuwan da ido ba ya iya gani, bayan jiran da ya kusa sa ni fid da rai. Guntaye uku na kai: fatar jar akuyar Sakkwato, ta tunkiya, sai wata ta akuya da na sa aka bari da gangan tun yankan safe har bayan la'asar ba a zuba mata gishiri ba. Duk an jeme su an busar, kowane guntu bai kai farcen ɗan yatsa ba.

Wannan na'ura ba ruwanta da haske, ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, take harbawa, kuma sai an zuƙe iskar cikinta kaf kafin ta fara aiki, shi ya sa ba ta jituwa da danshi. Fata kuwa ba ta ɗaukar lantarki, don haka sai da malamin da ke kula da ɗakin ya lulluɓe guntayen da zinare, shafe ɗaya siriri ƙwarai. Na ce, "Malam, ashe akuya ma ana yi mata lefe." Ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Ke dai kar ki sa hannu."

Da hoton jar akuya ya fito a allo, baƙi da fari, na daɗe ban ce uffan ba. Ƙofofin gashin sun jeru layi-layi, manya galibi uku-uku, ƙanana na rakiyarsu a gefe. Da muka juya wajen da aka yanka, sai ga zaren kolajin, wato sinadarin da ya gina fata, sun sarƙe da juna tsam, fuskar fatar ta haɗe da cikinta, ba ka ganin inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya tashi. Ta tunkiya kuwa sakwa-sakwa take, ƙofofin gashi sun cunkushe, ga guraben da kitse ya zauna ya bari. Dalili ke nan fuskarta kan ɗaye, abin da dukawa suka daɗe da sani da hannu. Haka ma fataken da suka riƙa ƙetare Sahara da jemammun fatun ƙasar Hausa, har Turawa suka ɗauka na Maroko ne suna yi wa littattafai bango da su. Mutanen Maraɗi su ma suna ji da wannan akuya, kuma suna da gaskiya.

Guntu na uku ne ya ɓata mini rai. A ido kusan ɗaya yake da na farko, amma a allo fuskar ta zaizaye, bakin ƙofofin gashin ya wage, zare ya fito fili. Ƙwayoyin cuta ne suka fara cin ta tun kafin ta isa majema, kuma babu bagaruwa ko sinadarin da zai mayar da abin da suka ci. Nan take na tuna fatun layya da ake jibgewa a rana har yamma, sannan a zo ana kukan masu saye sun karya farashi.

Na so ganin zanen nan da ke maimaituwa a jikin kolajin duk bayan nanomita 67 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), amma lokacina ya ƙare, wani ɗalibi na tsaye da nasa kayan. Gobe da asuba zan je kwata da buhun gishiri da agogo, in gano awa nawa fata ke jurewa a zafin nan.