Gammon ƙamshi, aikin hannuna

Duk wadda ta shigo ɗakin aikina a Gwammaja, abin da take fara tambaya shi ne wane turare na saka, sai na ce mata Hajiya ban saka komai ba, ɗaga kai ki kalli bango. Gammon ƙamshi ne a rataye, busasshen lemo da kanumfari da kirfa da citta a jere kan zoben kaba. Sunan ma ba ni na raɗa ba, wata kwastoma ce ta ce ai wannan gammo ne irin na masu talla, shikenan suna ya bi shi. Asalin abun na Turawa ne, a ƙofa suke rataya shi lokacin Kirsimeti, ni a Instagram na fara ganinsa. Amma hancin da nake aiki da shi na Inna ne, kakata, Allah Ya jiƙanta.

Inna turaren wuta take yi, tun ina firamare take jana Kasuwar Kurmi na riƙe mata jaka. Ba ta taɓa sayen kanumfari ba tare da ta ɗau ƙwaya ɗaya ta danna da farce ba, in mai ya ɗan tsattsafo to, in kuwa ya bushe ƙamas sai ta ajiye ta yi gaba ko kallon mai shagon ba za ta yi ba. In mun dawo gida kuma ta zuba kaɗan a kofin ruwa, mai kyau ya nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda aka tatse wa mai ya kwanta a sama kamar kara. Har yau haka nake yi, kuma wallahi har yau ana ƙoƙarin cusa min tatsattse, kwanaki wani da na daɗe ina saye a wajensa ya haɗa min rabi da rabi yana rantsuwa wai kanumfarin ɗan Zanzibar ne, na mayar masa da kayansa da kofin ruwan gaba ɗaya.

Lemo kuwa kasuwar 'Yan Lemo nake zuwa da sassafe lokacin da ake sauke na Binuwai. Lemonmu yawanci kore ne a baya ko ya nuna, in ya bushe gefen sai ya yi duhu, don haka sai na tsuguna na tsinci masu ruwan ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, 'yan kasuwar har tsiya suke min. Yankan shi ne aikin. Kamar rabin santimita, in ya yi kauri cikin ba zai bushe ba, in ya yi siriri ya nannaɗe kamar kunnen akuya. Na tsane ruwan da tsumma mai tsafta, na jera a oben kan ƙaramar wuta awa 3 zuwa 4 ina juyawa, ba a barinsa a tafi hira. Wanda ya yi daidai in kin ɗaga shi saitin taga za ki ga haske na ratsa shi kamar gilas mai launin zuma. Da hunturu ma ba na wahalar da oben, raga nake shimfiɗawa a sama na rufe da mayafi mara nauyi saboda ƙura. Damina ce abokiyar gaba, shekarar da na fara na yi na wata amarya a watan Agusta, sati biyu ta turo min hoto duk ya yi funfuna, na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Lemon tsami kuma gudansa nake hudawa da tsinken sakace na soka kanumfari ko'ina, na birgima shi cikin garin kirfa, ya yi sati 3 a inuwa sai ya ƙanƙance ya yi tauri. Ina ƙara goruba da busasshen zoɓo don launi, da ɗan kajiji a ɓoye ta baya, wannan kam na Inna ne. Kowanne da zare da allura nake ɗinke shi a jikin kabar.

Shi ya sa raina yake ɓaci in wata ta turo min hoton na wasu ta ce Anti ga shi can da araha. Je ki saya mana! Gam suke ɗiga wa lemon da bai gama bushewa ba su fesa turaren kwalba a kai, kwana biyar ƙamshin ya gudu, zafin Kano ya saki gam ɗin kayan su fara zubowa kan gadon amarya. Nawa in ƙamshin ya yi sanyi bayan watanni, ki ɗan murza kanumfarin da yatsa zai sake tashi.

Masu jere na Disamba dan Allah ku yi magana da wuri, lemon tsamin nan ba ya jin sauri.