Abin da na koya a aikin terahaz kafin in bar sashen

Makon nan na miƙa makullin ofis, don haka yanzu ina iya magana. Waɗanda muka yi zama tare a Maraɗi sun san shugaban da nake nufi, ba sai na kama suna ba.

An ba ni nazari kan ɗaukar hoto da igiyar terahaz don gano ciwon daji na baki. Na'urar dai a takarda muka san ta. Igiyar wani irin haske ce da ido ba ya gani, tana tsakanin maikirowef da infared, daga terahaz 0.1 zuwa 10, kuma ba ta da illa irin ta hoton ƙashi. Ruwa yana shanye ta sosai, naman da ciwon ya kama kuwa yakan fi lafiyayye ruwa, ta nan hoton ke raba su. Shanyewar nan ce kuma ke dushe ta, domin a ɗanyen nama ko milimita 1 ba ta shiga. A 2013 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka daskarar da naman da aka yanko daga bakin marasa lafiya a digiri 20 ƙasa da sifiri, hoton ya fi fitowa. Nama ne fa da an riga an yanke, ba bakin mutum yana zaune ba.

Haka na rubuta. Shi kuma shugaban yana shirya takardar neman tallafi, yana so a ce na'urar za ta gano ciwon ta kuma warkar da shi ba wuƙa. Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba ya cikin abin da muka karanta. Har gobe sai an yanko tsoka an duba a madubin likita kafin a tabbatar.” Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, “Yaro, kai za ka koya mini?” Daga ranar gaisuwata ma da kai yake amsawa. Aka yi ta ɗaga ranar kare kundina har damina ta wuce, sunana kuma ya ɓace daga takardar, shafukana suna ciki. Wai horo ne.

Ga masu zuwa bayana: duk abin da kuka miƙa wa babba, ku tura ta imel, kwanan wata ya zama shaida. Ku girmama sakatariya, ita ta san inda takarda ke kwana.

Ku kuma nemi zama kusa da majon ɗakin haƙori, wato shugabar ma'aikatan jinya na ɗakin, in an tura ku asibiti. Da tocila da ɗan katakon danne harshe na ga wata ta juya kuncin wani dattijo daga wajen Dakoro, daidai inda yake cusa garin taba da kanwa, sai ga farin tabo da ba ya kankaruwa. Ta ce, “Baba, tun yaushe?” Ya ce tun kaka. Dokarta ita ce gyambon bakin da ya wuce mako 2 bai warke ba a kai shi ga likita, domin in ya yi nisa sai Yamai, fiye da kilomita 600, inda aka fara gashin ciwon daji, wato ƙona shi da hasken na'ura, a 2021.

Na ji an ce takardar ta tafi wurin masu tallafi. Sakin layin milimitan nan kaɗai aka cire.