Mutum-mutumin da ka kallon makaɗi kamin ya buga

A jami'ar Georgia Tech da ke Atlanta a Amurka akwai wani mutum-mutumi da aka kira Shimon, hannuwa huɗu gare shi, marimba (abin kiɗa mai jerin katakai da aka bugawa da sanda) shika bugawa tare da mutane. Gil Weinberg da Guy Hoffman sunka yi aikin shi, kuma matsalar da sunka ci karo da ita ta ban sha'awa sosai. Hannun inji sai ya ɗan ɗau lokaci kamin ya isa wurin da zai buga, to in ya tsaya sai ya ji ɗan'uwan kiɗin nashi ya buga sannan ya motsa, wallahi ya riga ya makara, kiɗi ya wuce shi. Dole sai da sunka koya mai hasashe, ya fara ɗaga sanda tun kamin bugun ya iso. Har kai sunka yi mai wanda bai buga komi, gyaɗawa kawai shikai don mutanen da ka kiɗi da shi su gane inda ya dosa.

Can jami'ar Kyoto ta Japan kuma a 2010 sun gwada wani da ka kallon mai busa sarewa da kyamara, in ya ɗaga bakin sarewar ya sauke sai injin ya gane an fara ko an tsaya.

Mu nan Sakkwato ai wannan ba baƙon abu ba ne. Ka tsaya kusa da makaɗa a filin dambe, mai kuntuku idon shi na kan hammatar mai kalangu, da ya ga ya matse ya san za a juya, haka 'yan amshi ma numfashin ubangidansu suka bi ba kalmar ba.

Amma fa ni ina ganin inda injin zai sha wuya daban ne. Makaɗinmu yakan sauya take ne don wani ɗan dambe ya shigo fili ko wani alhaji ya sa hannu aljihu, kuma yaran shi sun hango mutumin tun kamin shi ya motsa kafaɗa. Ko a Seoul a 2023 da anka ba mutum-mutumi EveR 6 jagorancin makaɗa, hannu kawai yaka kaɗawa bai jin abin da suka bugawa, a wani sashen sai da madugu ɗan adam ya tsaya gefen shi.